Zanen Tsakiya

Hular ta taso daga hannun matar, ta miƙe ɗoɗar kamar an ja ta da zare, ta shiga ta kunnen mutumin, ta ɓulla ta ɗaya gefen, sannan ta hau kansa ta zauna.

Baba Mai Fensir ya kwashe da dariya har tabaransa ya zamo zuwa kan hanci.

"Sake sa min," ya ce yana dukan gwiwarsa. "Don Allah 'yar nan, sake sa min. Duk zaman da na yi da matar nan, ba ta taɓa zura min hula ta kunne ba."

'Yar Danne ta tura baki, ta sake danna wa kwamfutar. Shi ya laƙaba mata wannan suna tun ranar da ta tare a ɗakin da ke kallon nasa a hawa na biyu, wai duk aikinta danne-danne ne. Katun take yi da kwamfuta a wani kamfanin talla. Ta sa kwalbar sabulu rawa, ta sa buroshin haƙori waƙa, kuma ta iya aikinta, babu mai ja da ita a kan wannan. Amma a gaban tsohon nan kullum sai ta koma kamar ɗalibar da ta makara.

"Baba, gwaji ne fa. Na ba ta zanen farko da na ƙarshe ne kawai, na ce ta cike tsakani. Ita kuma hanya mafi kusa ta sani."

"Ai na gani. Ta kunne ya fi kusa."

Dariyar ta sake ɗaukarsa, sai dai wannan karon ta rikiɗe ta zama tari, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. 'Yar Danne ta miƙa masa ruwa, ta tsaya tana kallon yadda kofin ke karkarwa a hannunsa har ruwan na zuba a rigarsa. Makon da ya wuce aka sallamo shi daga asibiti da leda cike da magani. Da ta tambaye shi me likita ya ce, sai ya ce, "Ya ce in fara haɗa kayana." Kayan da ya fara jawowa kuwa su ne kwalayen takardun nan da suka cika tsakar ɗakin.

A zamanin ƙuruciyarsa ya yi aiki a wani kamfanin katun da ya daɗe da rufewa, inda ake zana kowane motsi da hannu. Babban mai zane shi ke zana farkon motsi da ƙarshensa, sai ya miƙa wa mai cike tsakani ya zana duk abin da ya rage, takarda bayan takarda, har in an gudanar da su ido ya ga kamar abin na da rai. Baba mai cike tsakani ne, bai taɓa zama wani abu daban ba, bai kuma taɓa so ba. Babbar mai zanen da ke miƙo masa aiki ita ya aura, shi ya sa har ta koma ga Mahaliccinta bai daina kiran ta Oga ba. Kafin ta rasu ta zana masa manyan zanen wani ɗan gajeren fim: iska ta ɗauke hular wani mutum mai faffaɗan kunnuwa, yana bin ta titi-titi, har wata mata ta cafe ta, ta mayar masa a ka. Duk wanda ya ga kunnuwan Baba ya san wa aka zana. Shekaru yana cikewa a hankali, kamar mai tsoron kada aikin ya ƙare, har hannunsa ya fara rawa. Yanzu kuma so yake ya ga fim ɗin yana motsi kafin ya tafi.

"Ka ba ni yammacin yau," in ji 'Yar Danne. "Wallahi sai hular nan ta bi hanya kamar 'yar mutunci."

Ta kuwa cika alkawari. Washegari ta kawo masa hula mai tashi a lanƙwashe, ta ɗan yi jinkiri a sama, ta sauka a hankali har tana lotsa gashin mutumin. Baba ya kalla, ya gyaɗa kai.

"Ya yi kyau. Ba zan tauye miki haƙƙi ba, ya yi kyau ƙwarai. Amma ba ta nan za ta bi ba."

"To ta ina za ta bi?"

"In na zana kya gani."

Ya jawo ta gaban teburinsa mai gilashi a sama da fitila a ƙasa, ya soka takardu biyu a ƙusoshin da ke riƙe su, ya kunna. Hasken ya ratsa, zanen biyu suka fito tare: matar riƙe da hula a sama, da kuma hular a kan mutumin yana washe baki.

"Ka'idar aikin ke nan," ya ce. "Ba a fara cikewa daga gefe. Na tsakiya ake fara zanawa, shi ke faɗa wa sauran inda za su bi. In ya zauna, ko makaho ya cike ragowar. Duk fim ɗin nan na zana na tsakiyarsa tun ina da hannu, ƙananan ne suka rage. Wannan na ƙarshen kaɗai ban taɓa ba."

"To ƙananan ka bar wa kwamfuta mana. Kafin shayinka ya huce ta gama."

"Oga ta ce hannu."

"Baba, hannun naka..." Kunya ta kama ta.

Ya ɗaga hannun yana kallon sa kamar wani baƙo da ya shigo ba sallama. "Ta ce hannu," ya sake faɗa. "Ba ta ce nawa ba."

Wannan magana ita ta tayar da benen gaba ɗaya. 'Yar Danne ta bi ƙofa-ƙofa tana ƙwanƙwasawa. Tela da ke da shago a ƙasan matakala ya ce shi da ya saba bin layin alli, layin fensir ba zai gagare shi ba. Direba, wanda ke jan babbar motar haya ya dawo da rana tsaka, ya ce rabonsa da zane tun yana firamare, kuma a lokacin ma ya zana doki malami ya ce kujera ce. Uwar 'Yan Biyu ta ce ita dai za ta zo ta riƙa fiƙe musu fensir, kada a sa ta abin da zai ba ta kunya.

Teburin haske ɗaya ne, don haka sai kowa ya yi dabararsa. Tela ya kwashe zaruruwa daga akwatin gilashin shagonsa, ya cusa fitila a ciki. Direba ya manna takardunsa a gilashin taga, rana na yi masa aikin fitila, yana zane a tsaye harshe a waje. Baba na kishingiɗe a kan doguwar kujera da bargo a ƙafa, ana kawo masa takardu yana dubawa. Sai ya saƙala su tsakanin yatsunsa, ya riƙa kaɗa su gaba da baya da sauri, zanen ya motsa a idonsa. Hannun da ya kasa riƙe kofi, in ya zo wannan kaɗawar sai ya nutsu.

"Direba, wannan ƙafa ce ko tayar mota? Sassauta fensirin, ba birki kake takawa ba."

"Baba, ai gudu yake yi, dole ƙafa ta yi ƙarfi."

"Tela, wa ya ce ka sa wa rigar nan maɓalli?"

"Haba Baba, riga ba maɓalli? Mutane su ce a benen nan akwai tela kuma aka bar mutum haka?"

Uwar 'Yan Biyu kuwa, da ta gaji da fiƙe fensir, ta ɗauki takarda ɗaya a ɓoye ta gwada. Baba ya kaɗa, ya sake kaɗawa, ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau.

"Ke, ina kika ɓoye hannun nan duk shekarun nan?"

"A cikin ruwan wanki, Baba," ta ce, tana dariya tana rufe fuska da mayafi. Daga ranar ta hana kowa taɓa zanen matar, ta ce nata ne.

Aikin 'Yar Danne shi ne ta ɗauki hoton kowace takarda, ta jera su a kwamfuta. Ranar da ta fara nuna musu, kowa ya matso har kawuna na karo. Ta danna. Iska ta fizge hula, mutumin ya dafe kai, ya zabura a guje. Ƙafafunsa wani lokaci sirara, wani lokaci kamar turame, maɓallin rigarsa na fitowa yana ɓacewa kamar mai ƙifta ido. Direba ya yi tsalle har ya bugi fankar sama da hannu.

"Ƙafata ce waccan, ku duba, ƙafata ce."

Baba ya miƙa hannu ya shafa gefen kwamfutar.

"Yanzu-yanzu aka zana, yanzu-yanzu ya motsa? Mu a zamaninmu sai an kai an ɗauki hotonsu, an wanke fim ɗin, mu yi ta jira har mu manta abin da muka zana. In an yi kuskure kuma a sake daga farko. Oga ta sha kuka a kan wannan." Ya juya ga 'Yar Danne. "Ashe abin nan naki yana da tarbiyya. Da ta gan shi da ta sake ni ta aure shi."

"Baba, in cire maɓallin? Danna ɗaya ne."

"Bar shi. A san Tela ya wuce ta nan."

Daɗi ya cika 'Yar Danne har ta rasa inda za ta sa kanta. Ta koya masa riƙe linzamin kwamfutar, ya riƙa mayar da mutumin baya yana sake sakin sa, yana dariya kamar yaron da aka saya wa sabuwar ƙwallo. Shi kuma ya koya mata kaɗa takardu a yatsu. Nata kullum sai sun zube ƙasa, ya ce yatsunta sun saba da cima zaune.

Tulin takardun ya yi ta raguwa, Baba ma yana raguwa tare da shi. Ya daina zama a doguwar kujera, ya koma gado. Muryarsa ta sirance, sai an sunkuya ake jin tsiyar da yake yi wa Direba. Mutumin cikin fim ya gama gudunsa, matar ta cafe hula, ta ɗaga ta sama, daga nan komai ya tsaya. Takardu biyun nan na soke a kan teburi, tsakaninsu babu komai. Kullum sai a tambaye shi, kullum sai ya ce gobe.

Tela ya tare 'Yar Danne a matakala, ya rage murya. "Wancan da kika yi da kwamfuta yana nan?"

"Yana nan."

"To ki liƙa mana. Mutumin nan fa kwanansa ya ƙare, kowa na gani. Gara ya ga fim da ƙarshen aro da ya tafi bai ga ƙarshe ba."

Maganar ta zauna mata a rai, don ita ma ta yi wannan tunanin. Ta shiga ɗakin, ta zauna a bakin gadon. Ƙamshin man zafi da na fiƙaƙƙen fensir sun cika wurin.

"Baba, tsoro nake ji," ta ce kai tsaye. "Ina tsoron ka tafi ba ka gani ba. In hannun ne, ka faɗa min da baki, ni ko Uwar 'Yan Biyu mu zana."

Ya kalli silin. "Ba hannun ba ne, 'yata. Tun da na san matar nan take miƙo min aiki. In na tashi da safe na san akwai takardarta tana jira na. Wannan ce ta ƙarshe. In na zana ta, ta gama da ni ke nan."

'Yar Danne ta gyara masa bargo, ta tashi za ta fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Amma Baba, ka taɓa mayar mata da aiki ba ka gama ba?"

Ya juyo da kai a hankali. Wani ɗan murmushi ya taso masa. "Ke dai ba ki da kunya," ya ce. "Da ta cire min kunnen nan."

Da hantsi washegari ya aika a kira Direba. Direba ya ɗauke shi cak kamar jariri, ya zaunar da shi gaban teburi, aka tokare shi da matasai. Uwar 'Yan Biyu ta fiƙe fensir, Tela ya rufe shago ya hau. Baba ya soka farar takarda a kan biyun, ya kunna fitila, ya ce kowa ya koma baya, ba ya son numfashin mutum a wuyansa.

Suka jeru a jikin bango. Ba ka jin komai sai ƙarar fensir, ya ja ya tsaya, ya ja ya tsaya. Ya riƙe wuyan hannun dama da na hagu don ya rage rawar. Fensirin ya suɓuce ya faɗi, 'Yar Danne ta ɗauko ta mayar masa ba tare da ta kalli takardar ba, ko da yake ranta kamar ya fita don son gani. Gumi ya jiƙa masa wuya. Can ya ajiye fensir, ya jingina.

"Ku zo."

Suka rufa a kan teburin. Layin duk a karkace yake, yana rawa kamar an zana a cikin mota mai gudu. Amma babu mai shakkar abin da ke ciki. Hular ba ta kan hanyar zuwa kan mutumin ko kaɗan. Matar ta kifa ta a kan nata kan, ta karkata ta gefe guda, ta ɗaga haɓa tana hararar sa, shi kuma ya miƙo hannu baki buɗe.

Uwar 'Yan Biyu ce ta fara fashewa da dariya, sauran suka bi.

"Haka take min," in ji Baba yana haki. "Kullum in zan fita. Sai ta sa a kanta tukuna, ta ce, 'Wa ta fi yi wa kyau?' Sai na ce ita, sannan ta ba ni. Ta san na sani, shi ya sa ba ta zana ba."

Ya zare takardun uku, ya saƙala a yatsu, ya kaɗa. Hula a hannu, hula a kanta, hula a kansa. Ya yi ta kaɗawa, hawaye na bin kumatunsa yana dariya.

Tela ya dafe ƙeya. "Baba, ka san fa ka ninka mana aiki? Yanzu sai ta hau kanta, ta sauko, sannan ta je kansa."

"To me kuke jira? Ni na gama nawa."

Ranar babu wanda ya yi aikin kansa. Direba ya ba abokinsa motar, Tela ya ce wa masu ɗinki su yi haƙuri, an yi masa haihuwa. Uwar 'Yan Biyu ta zauna a teburin Baba da kansa, da izininsa, tana zana hannun matar. 'Yar Danne na tsakiya tana karɓar takarda da zarar an ɗaga fensir. Da ta zo kan zanen Baba, sai ta ga yadda layinsa ke rawa a tsakanin masu santsi. Gyara shi ba zai ɗauke ta komai ba. Ta ɗora yatsa a kan linzami, ta daɗe a haka, sannan ta janye hannunta ta wuce na gaba.

Kashegari da la'asar ta aro majigi daga wurin aikinta. Aka rataya barguna a tagogi, aka sauke agogon bango don a sami fili, aka ɗaga kan Baba da matasai. Mutanen benen suka cika ɗakin har baranda. Haske ya faɗa a bango, iska ta ɗauke hula, ɗaki ya kaure da ihu. Kowa na nuna nasa. Maɓalli ya yi ta ƙifta ido, Tela ya yi ta sunkuyar da kai ana dukan bayansa. Da matar ta cafe hular sai aka yi tsit. Ta ɗaga ta, ta kifa a kanta, kuma daidai nan, cikin ƙiftawar ido, duk jikinta ya ɗan girgiza kamar mai danne dariya. Sannan ta cire, ta ɗora masa.

"Ke," in ji Baba, da muryar da 'Yar Danne kaɗai ta ji don tana kusa. Idonsa na kan bango. "Ke ta fi yi wa kyau."

Ya sa aka maimaita har rana ta faɗi. Da mutane suka watse, ya ce a ba shi takardun nan uku. Ya saƙala su a yatsu, amma yatsun suka ƙi ɗagawa. 'Yar Danne ta karɓa, ta saƙala a nata, ta matso da su gaban idonsa, ta kaɗa. Ba su zube ba.

"A hankali," ya ce. "Yauwa. Kin ga hannu."

Bayan kwana biyu, da safe, Uwar 'Yan Biyu ta kai masa shayi ta tarar ya cika. Yana kwance a gefensa, fuskarsa na kallon bangon da aka haska fim ɗin, inda har yanzu ba a mayar da agogo ba.

Da aka dawo daga raka shi, 'yan'uwansa suka ba 'Yar Danne makulli ta kwashe kayan majigi. Bargunan na rataye a tagogi, ɗakin da duhu-duhu. Ta naɗe waya, ta rufe kwamfuta, sai ta ga takardun uku a kan matashinsa. Ta ɗauka ta kai teburi, ta soka su a ƙusoshi ɗaya bisa ɗaya yadda ya koya mata, ta kunna fitilar.

Hasken ya ratso su gaba ɗaya. Hula uku suka fito a kan gilashin, ɗaya a hannu, ɗaya a kansa, ta tsakiya mai karkataccen layi a kan matar. Daga ƙasan matakala keken Tela ya fara ƙara, ya tsaya, ya sake farawa. Ta jawo kujerar Baba ta zauna.